FASHIN BAƘI: Abin da karanta halittar ƙwayar cutar 'staf' ke nufi ga majinyatan Gwandu da Kalgo

A watan Maris na 2025, lokacin da gwamnatin Jihar Kebbi ta sanar da mutuwar mutum 26 sakamakon cutar da aka yi zargin sanƙarau ce, Ƙaramar Hukumar Gwandu na cikin wuraren da abin ya fi shafa, tare da Jega da Aliero. Sai da aka aika da samfuran da aka ɗiba daga majinyata zuwa Babban Ɗakin Gwaje-gwaje na Ƙasa da ke Abuja domin tabbatar da abin da ke kashe mutane.

Sanƙarau cuta ce mai zuwa da kururuwa, kowa na jin labarinta. Akwai kuma wata ƙwayar cutar da ba ta jiran lokacin zafi, ba a kuma kiran taron manema labarai a kanta, alhali tana cikin waɗanda suka fi kisa a duniya. Sunanta a kimiyance Staphylococcus aureus, ma'aikatan lafiya kuma kan taƙaita shi su ce 'staf'.

Wani ƙiyasi da mujallar likitanci ta Lancet ta wallafa a 2022 ya nuna cewa wannan ƙwaya na da hannu a mutuwar fiye da mutum miliyan 1 a shekarar 2019 kaɗai. Cikin nau'o'in bakteriya 33 da aka ƙididdige a wannan nazari, babu wadda ta kai ta.

Shekaru kusan 20 ke nan masana a Afirka da Turai na haɗa kai wajen bin sawunta ta hanyar karanta ƙwayoyin halittarta. Abin da suka gano game da Afirka ta Yamma ya shafi mai jinyar ƙurji a Gwandu da jaririn da aka kwantar a Kalgo kai-tsaye.

Mece ce staf?

Staf bakteriya ce da ke zaune lafiya a jikin mutane da yawa. Kusan mutum ɗaya cikin uku na ɗauke da ita a cikin hanci ko a kan fata ba tare da wata alamar ciwo ba. Matsala na farawa ne idan ta sami ƙofa: yankan wuƙa, ƙuna, cizon sauro da aka sosa, wurin tiyata, robar ƙarin ruwa da ta daɗe a jijiya, ko cibiyar jariri da ba ta warke ba.

Ita ce ke haddasa mafi yawan maruru da ƙuraje masu ɗurar ruwa, da hazbiya, da kumburin nonon mai shayarwa. Idan ta nutsa ciki, takan tara mugunya a cikin tsoka, ta ci ƙashi da gaɓoɓi, ta kama huhu, ko ta shiga jini. Shigarta jini ne ke kisa cikin 'yan kwanaki, musamman ga jarirai sabbin haihuwa, da yara masu tamowa, da masu ciwon suga, da waɗanda ake wa wankin ƙoda.

Wani likitan tiyata ɗan ƙasar Sikotilan, Alexander Ogston, shi ne ya fara bayyana ta a 1880 bayan ya duba mugunyar majinyatansa a madubin likita, ya ga ƙwayoyin sun curu kamar nonon inabi. Kuma a kan farantin da ake renon wannan ƙwaya ne Alexander Fleming ya lura da aikin fenisilin a 1928. Tarihin magungunan kashe ƙwayoyin cuta da tarihin staf tare suka taso.

Ruɗanin 'staf' da ciwon sanyi

A tashoshin mota da kasuwannin Najeriya, sunan staf ya shahara ta wata fuskar dabam. Masu tallar magunguna a lasifika kan jingina mata ciwon sanyi da rashin haihuwa da raunin mazakuta, har su ce ta jima'i ake ɗaukar ta.

A ilimin likitanci ba a lissafa staf cikin cututtukan da ake ɗauka ta jima'i. Tun da tana zaune a fata, abu ne mai sauƙi ta gurɓata samfurin fitsari ko na al'aura idan ba a ɗiba da kyau ba. Ganin sunanta a takardar sakamako ba lallai ya nuna ita ce ke jawo ciwon ba. Amma sau da yawa wannan takarda kan zama dalilin shan magani na makonni ba bisa buƙata ba, kuma kowane zagaye na irin wannan shan magani horo ne ga ƙwayoyin cutar da ke jikin mutum.

Yadda ta koyi bijire wa magani

A farkon shekarun 1940, fenisilin na kashe kusan kowace staf. Kafin ƙarshen shekarun 1960, fiye da kashi 80 cikin 100 na waɗanda ake samu sun daina jin sa, domin sun mallaki wani sinadari da ke farfasa maganin. Aka fito da metisilin wajen 1960 domin toshe wannan ɓaraka. A 1961 aka ba da rahoton staf ta farko da ba ta jin sa a Ingila. Ita ce ake kira MRSA.

Sirrin MRSA wata ƙwayar halitta ce mai suna mecA. Magungunan dangin fenisilin na aiki ne ta hanyar kama kayan aikin da bakteriya ke gina bangon jikinta da su. Ƙwayar mecA na ba ta wani kayan aikin na daban wanda maganin ba ya iya riƙewa. Shi ya sa da zarar staf ta zama MRSA, magunguna irin su ampikulos da kulokzasilin da seftiriyazon, waɗanda su ne a kan kantar kowane kemis, sun tashi daga aiki. Abin da ya rage sai irin su bankomaisin, allura mai tsada da ake bayarwa ta jijiya, wadda kuma ke buƙatar a riƙa duba lafiyar ƙoda.

Babban nazarin duniya kan bijirewar ƙwayoyin cuta ga magani ya ƙiyasta cewa matsalar ta kashe mutum miliyan 1.27 kai-tsaye a 2019, kuma MRSA kaɗai ta ɗauki fiye da 100,000. Yankin da ya fi kowane yawan mace-mace idan aka auna da yawan jama'a shi ne Afirka ta Yamma, da mutum 27.3 cikin kowane 100,000. A Najeriya, ƙiyasin ya kai mutum 64,500 kai-tsaye, da 263,400 da matsalar ke da hannu a mutuwarsu.

Me ake nufi da karanta kundin halitta?

Kowace staf na ɗauke da kundin bayanan halittarta, wanda aka rubuta da haruffan sinadari guda huɗu. Tsawonsa ya kai harafi miliyan 2.8. Masana a Japan ne suka fara karanta cikakken kundin staf a 2001. A lokacin aiki ne na shekaru da kuɗi masu yawa; yau na'ura kan karanta gommai a cikin kwana ɗaya ko biyu.

Gwajin da aka saba yi a asibiti na amsa tambaya biyu: wace ƙwaya ce, kuma wane magani ne ke kashe ta. Karanta kundin halitta na ƙara amsa uku. Na farko, waɗanne ƙwayoyin halittar bijirewa take ɗauke da su. Na biyu, wane dafi take iya fitarwa. Na uku, kuma mafi muhimmanci ga masu sa ido kan cututtuka, mene ne dangantakarta da sauran da aka samu a jikin wasu mutane.

Yayin da bakteriya ke hayayyafa, akan sami 'yan kura-kuran kwafi a kundinta, 'yan ƙalilan a kowace shekara. Idan aka kwatanta staf ta majinyata biyu aka ga bambancin haruffa kaɗan ne, alama ce cewa ɗaya ya ɗauka daga ɗayan, ko kuma duka sun ɗauka daga tushe guda ba da daɗewa ba. Idan bambancin ya kai dubbai, babu alaƙa ta kusa. Kamar yadda masanin nasaba ke bin salsalar gida, haka ake raba staf gida-gida, a ba kowane gida lamba: ST152, ST88, ST8, da sauransu.

Misalin da ya fi fito da amfanin wannan ya faru ne a sashen jarirai na asibitin Rosie da ke Kambirij a Ingila. A 2011 aka sami jarirai 12 ɗauke da MRSA cikin wata shida, ba a kuma da tabbacin ko annoba ɗaya ce. Da aka karanta kundin halittar, sai aka ga yawancinsu 'yan gida ɗaya ne, wani sabon reshe da aka ba lamba ST2371. An tsabtace sashen sarai, amma bayan kwana 64 wani jaririn ya sake kamuwa da irin ta. Wannan ya sa aka gwada ma'aikata 154, aka sami ɗaya ɗauke da ita ba da saninsa ba. Aka yi masa magani, yaɗuwar ta tsaya.

Me haɗin gwiwar masana ya gano a Afirka ta Yamma?

Binciken asibiti ɗaya ba ya nuna taswirar yanki. Sai an tattara samfura daga wurare da yawa, an yi masu gwaji iri ɗaya, sannan hoto ke fitowa. Irin waɗannan ayyukan haɗin gwiwa sun fito da abubuwa uku.

Na farko shi ne yawan wani dafi da ake kira PVL, wanda aka raɗa wa sunan likitocin Landan biyu, Panton da Valentine, da suka bayyana shi a 1932. Dafin na huda fararen ƙwayoyin jini, wato dakarun da ke kare jiki, kuma ana danganta shi da maruru mai yawan dawowa, da taruwar mugunya mai zurfi, da wani nau'in ciwon huhu mai saurin kisa. A Turai, ƙasa da kashi 5 cikin 100 na staf ɗin da ke jin magani ne ke ɗauke da shi. Amma wani bincike da cibiyoyin da ke ƙawance da Cibiyar Pasteur suka gudanar a Yamai da Dakar da Yawunde da Kasabalanka da Antananaribo, wanda aka wallafa a 2011, ya sami dafin a kashi 57 cikin 100 na samfuran da aka duba. A shekarar dai, Farfesa Adebayo Shittu na Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife tare da abokan aikinsa na Jamus sun sami kashi 40 cikin 100 a samfuran Najeriya.

Wata ƙungiyar bincike ta Afirka da Jamus, wadda ta haɗa cibiyoyin Lambarene a Gabon, da Ifakara a Tanzaniya, da Manyisa a Mozambik, da jami'o'in Jamus uku, ta kwatanta samfura 600 na Afirka da 600 na Jamus. Sakamakon da ta wallafa a 2017 ya tabbatar da cewa gidajen staf da suka mamaye nahiyoyin biyu sun bambanta, kuma PVL ya fi yawa nesa ba kusa ba a Afirka. Ɗaya daga cikin gidajen da ke ɗauke da dafin, ST152, an same shi da yawa a hancin mutane a Bamako tun 2008, sannan aka ci gaba da samun sa a Najeriya da Gana da Burkina Faso.

Na biyu shi ne mutuwar wasu magunguna masu araha. A binciken Farfesa Shittu na 2011, kusan kashi 72 cikin 100 na samfuran ba sa jin kotirimokzazol, wanda aka fi sani da Septrin, fiye da rabi kuma ba sa jin tetarasaikilin, wato kafson nan ja da rawaya. Daga baya aka gano cewa wata ƙwayar halitta mai suna dfrG ce ke bayan yawancin bijirewar ga Septrin a Afirka kudu da Sahara. Wannan na da muhimmanci domin a Amurka da Turai Septrin na cikin magungunan da littattafan likitanci ke ba da shawara a kan ƙurajen staf. Likitan da ya bi wannan shawara a Kebbi ba tare da bayanan yankinsa ba na iya rubuta maganin da ba zai yi aiki ba.

Na uku shi ne cewa staf ba ta san kan iyaka ba. Wani nazarin kundin halitta da aka wallafa a 2014 ya nuna cewa gidan CC80, wanda ya zama babbar MRSA mai yaɗuwa a cikin al'umma a Turai da Arewacin Afirka da Gabas ta Tsakiya, ya samo asali ne daga wata staf ta Afirka kudu da Sahara mai ɗauke da PVL, wadda da farko tana jin magani, daga baya ta samo mecA. A ɗaya ɓangaren kuma, an sami USA300, MRSA ɗin da ta addabi Amurka, a Gabon.

Darasin CC80 ne ya fi tayar da hankalin masana. Afirka ta Yamma cike take da staf mai dafi wadda har yanzu ke jin magani. Duk ranar da ɗaya daga cikin manyan gidajen ya haɗa dafi da bijirewa ya kuma bazu, maruru da ake warkarwa da kuɗi kaɗan zai koma ciwon da ke buƙatar kwanciya asibiti. Sa ido ta hanyar kundin halitta ne ke iya nuna wannan sauyi tun yana ƙarami.

Ina Najeriya ta tsaya?

Najeriya na cikin ƙasashen Afirka da suka yi nisa a wannan fanni. Cibiyar ACEGID da ke Jami'ar Redeemer's a garin Ede, ƙarƙashin Farfesa Christian Happi, ita ce ta fara karanta kundin halittar ƙwayar korona a Afirka a watan Maris na 2020. A Jami'ar Ibadan, Farfesa Iruka Okeke na jagorantar ɓangaren Najeriya na wani haɗin gwiwa da ya ƙunshi Indiya da Kolombiya da Filifin da Birtaniya, wanda ke karanta kundin bakteriya masu bijire wa magani tare da Hukumar Daƙile Cututtuka ta Ƙasa, NCDC.

A Arewa, Asibitin Ƙwararru na Murtala Muhammad da ke Kano na cikin asibitoci 12 a ƙasashe bakwai da suka shiga binciken BARNARDS tsakanin 2015 da 2017, wanda ya bi diddigin jarirai fiye da 36,000. An karanta kundin ƙwayoyin cutar da aka samu a jinin jariran, ciki har da staf, sai dai a Kadif ta Birtaniya aka yi karatun. A Sakkwato kuwa, Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo na da cibiyar binciken likitanci ta CAMRET, wadda ta yi gwajin korona a 2020.

Ta fuskar tsari, Najeriya ta fitar da shirinta na farko na yaƙi da bijirewar ƙwayoyin cuta na 2017 zuwa 2022, ta kuma shiga tsarin sa ido na Hukumar Lafiya ta Duniya mai suna GLASS. Shiri na biyu, na 2024 zuwa 2028, ya biyo baya. A matakin nahiya, Hukumar Daƙile Cututtuka ta Afirka ta ƙaddamar da shirin karanta halittar ƙwayoyin cuta na dala miliyan 100 a watan Oktoba na 2020.

Tafiyar samfur daga Gwandu

Na'urar karanta kundin halitta ita ce zangon ƙarshe na doguwar tafiya. A ɗauka an kawo yaro asibitin Gwandu da zazzaɓi mai zafi da kumburin cinya. Kafin staf ɗin da ke jikinsa ta shiga kowace taswira, sai abubuwa da dama sun faru a jere.

Sai an ɗebi jini ko mugunya kafin a fara ba shi magani, domin maganin da aka sha a gida na iya hana ƙwayar tsirowa a gwaji. Sai akwai kwalbar renon jini, da na'urar ɗumama da ke riƙe zafi daidai da na jikin mutum dare da rana, wanda ke nufin wutar lantarki marar yankewa. Sai masanin gwaje-gwaje ya tantance ƙwayar, ya gwada ta da magunguna. Sai an adana ta a firiza mai tsananin sanyi, an rubuta bayanan majinyacin daidai, sannan a yi jigilar ta ɗaruruwan kilomita zuwa Abuja ko Ibadan. Sai kuma sakamakon ya dawo ga likitan da ya aika.

A mafi yawan Afirka, tafiyar kan yanke ne tun a matakin farko. Wani bincike da aka yi a ƙasashe 14, ciki har da Najeriya, wanda aka fitar a 2022, ya gano cewa cikin ɗakunan gwaje-gwaje kusan 50,000, kashi 1.3 cikin 100 ne kacal ke renon bakteriya. Sakamakon haka, samfuran da ke kaiwa ga na'ura galibi na manyan asibitocin koyarwa ne na birane, kuma na majinyatan da suka iya biyan kuɗin gwaji, waɗanda sau da yawa sun riga sun sha magunguna iri-iri ba su warke ba. Taswirar da aka zana da irin waɗannan samfura na iya zuzuta bijirewa a wani wuri, ta kuma bar ƙauyuka babu komai a kansu.

Nan ne matsayin Kalgo ya fito. Garin na da babban asibitin jiha, wanda aka yi amfani da shi wajen killace masu korona a 2020, kuma Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, wadda aka kafa a 2013, na da mazauni a Kalgo da Unguwar Jeji. Ga Asibitin Tunawa da Sir Yahaya da asibitin tarayya a Birnin Kebbi, ga jami'ar kimiyya da fasaha ta jiha a Aliero. Tsarin da ƙasashe da dama ke bi shi ne na uwa da 'ya'ya: ƙananan asibitoci irin na Gwandu su riƙa ɗibar samfur, ɗakin gwaji ɗaya mai ƙarfi a kusa ya rena ya kuma gwada magunguna, sannan a zaɓi wani kaso a aika cibiyar ƙasa domin karanta kundin. Ba kowane asibiti ke buƙatar na'urar ba. Abin da kowanne ke buƙata shi ne hanyar da samfur zai fita, amsa kuma ta dawo.

Ya kamata a fahimci iyakar abin. Karanta kundin halitta ba shi zai ceci yaron da ke kwance yau ba. Gwajin reno da na magunguna, wanda ke ɗaukar kwana biyu zuwa uku, shi ne ke yi masa amfani. Amfanin kundin na ga waɗanda za su zo bayansa: gano cewa jarirai biyar a ɗaki ɗaya daga tushe guda suka kamu, ko cewa wani sabon gida mai bijirewa ya shigo yankin, ko cewa lokaci ya yi da za a sauya maganin da ake fara bayarwa.

Kan iyaka da dabbobi

Kebbi na iyaka da ƙasashe biyu, Nijar da Benin. Hanyar da ta bi ta Kalgo zuwa Bunza da Kamba na kaiwa ga Gaya da Doso, kuma 'yan kasuwa da majinyata da makiyaya na kai-da-komo a kanta. Staf ɗin da ke yawo a Gwandu na iya zama ta fi kusa da ta Doso a nasaba fiye da ta Legas. Don haka bayanan cibiyar binciken lafiya ta CERMES da ke Yamai na da amfani ga likitan Kebbi, kamar yadda na Kebbi ke da amfani ga na Nijar.

Siyasa ta sa wannan ya ƙara wuya. An rufe iyakar Najeriya da Nijar bayan juyin mulkin Yulin 2023, ba a buɗe ba sai Maris na 2024, kuma Nijar ta fice daga ECOWAS a hukumance a Janairun 2025, tare da Mali da Burkina Faso. Hukumar lafiya ta ƙungiyar, WAHO, na cikin hanyoyin da ƙasashen ke musayar bayanan cututtuka. Dangantakar jami'a da jami'a, da ta masani da masani, ita ce kan ci gaba idan ta gwamnatoci ta yi tsami.

Dabbobi ma na cikin lissafin. Staf na cikin manyan abubuwan da ke jawo ciwon hantsa a shanu da awaki, kuma ana sayar da allurai da garin magani na dabbobi a kasuwannin ƙauye ba tare da takardar likita ba. A Holan, a farkon shekarun 2000, an gano wani gidan MRSA mai lamba ST398 da ke tsallakowa daga aladu zuwa masu kiwon su. A 2022 kuma masana suka nuna cewa wani nau'in MRSA ya daɗe a jikin bushiya a Turai tun kafin a ƙirƙiro magungunan zamani. A jihar da mutane ke kwana kusa da garke suna kuma shan nono, sa idon da ya bar likitocin dabbobi a baya bai cika ba.

Wa ke da bayanan, wa ke biya?

Tsohon ƙorafin masana Afirka shi ne a ɗebi samfur a nan, a karanta a Turai, a wallafa a can, asibitin da ya bayar kuma bai ji komai ba. Yarjejeniyar Nagoya ta 2010, wadda ta fara aiki a 2014, ta tanadi raba amfanin albarkatun halitta tsakanin mai bayarwa da mai karɓa. Haɗin gwiwa na gaskiya na buƙatar rubutacciyar yarjejeniya kan mallakar samfur, da sakaya sunan majinyaci, da horar da matasan yankin su iya fassara bayanan da kansu, domin ƙarancin masu wannan ƙwarewa ya fi ƙarancin na'ura tsanani.

Batun kuɗi ma ya taso. Asusun Fleming na Birtaniya ya tallafa wa ɗakunan gwaje-gwaje da dama a Najeriya, amma a 2025 gwamnatin Birtaniya ta tabbatar da cewa za ta janye tallafin. Sinadaran gwaji kuwa daga waje ake sayo su da dala. Hakan na zuwa ne bayan shugabannin duniya sun yi alƙawari a Majalisar Ɗinkin Duniya, a Satumban 2024, cewa za su rage mace-macen da ke da nasaba da bijirewar ƙwayoyin cuta da kashi 10 cikin 100 kafin 2030. Ba a iya auna ragi a inda ba a taɓa ƙirgawa ba.

Abin da ba ya jiran na'ura

Yawancin abin da ke hana staf kisa ba shi da tsada. Wanke hannu da sabulu tsakanin majinyaci da majinyaci shi ne kan gaba. Shafa man kulohekzidin a cibiyar jariri, wanda Jihar Sakkwato ta fara rabawa a faɗin jiha a 2013, na rage kamuwar cibiya, saɓanin gashi da tsumma ko shafa man goge baki. Wanzamai su riƙa amfani da sabuwar reza ko kayan da aka dafa ga kowane mutum, a kaciya ko ƙaho ko aski. 'Yan gida ɗaya su guji tarayya a tawul da soso idan wani na da maruru.

Maruru da ya nuna, babban maganinsa shi ne ma'aikacin lafiya ya fitar da mugunyar da kayan aiki masu tsabta. Matse shi da hannu, musamman na fuska, na iya tura ƙwayar cikin jini. Idan ƙurji ya zo da zazzaɓi, ko ja na yaɗuwa a kewayensa, ko yaro ya ƙi taka ƙafa, ko jariri ya ƙi kama nono cibiyarsa na wari, asibiti za a nufa a ranar, ba kemis ba.

Sauran aikin na hukumomi ne: kwalaben renon jini a asibitocin ƙananan hukumomi, wutar da ba ta yankewa a ɗakin gwaji, motar da ke ɗaukar samfur a kan lokaci, da kasafin jiha da zai riƙe waɗannan idan masu tallafi sun tafi. Idan waɗannan suka samu, staf ɗin da aka ɗiba daga jikin yaron Gwandu za ta iya shiga taswira ɗaya da ta Yamai da Kano da Ibadan, likitan da ke Kalgo kuma ya rubuta magani bisa abin da ke yawo a yankinsa.